Farin Wuri a Taswira

Ƙarfe biyar na asuba a Ulanbato.
Sanyi ya mai da numfashi ƙanƙara a gashin baki,
hayaƙin kwal ya kwanta kan birni
kamar bargon da ba a wanke ba tun bara.
Ni kuwa ina hawa na huɗu a ma'aikatar lafiya,
shayi mai gishiri yana hucewa a gefen kwamfuta.

Aikina ƙidaya.
Yara nawa aka kwantar jiya, nawa aka sallama,
tulun iskar numfashi nawa ya rage a ma'aji.
Alƙaluma na shigowa kamar tumaki da magariba,
ni ce mai tsayawa a bakin shinge.

Kafin gari ya waye na rina taswira:
ja inda ciwo ya yi kamari,
rawaya inda da dama-dama,
fari inda babu komai.
Darakta ya dubi ja, ya tura gadaje.
Majalisar birni ta dubi ja, ta yanka kuɗi.
Ganzorig mai kantunan magani ma yana da nasa lissafin,
ya san ranar da maganin tari zai yi tsada
tun maƙogwaro bai fara ƙaiƙayi ba.

Ran nan Dorjpalam direban motar asibiti
ya shigo sa hannu a takardar mai.
Ya tsaya bayana, yana warin taba da dusar ƙanƙara,
ya ɗora yatsa mai kaushi kan gilashi,
can arewa, bayan tudu.
"Nan fa, Narantuya?"
Na ce, "Sifili. Lafiya lau suke."
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
"Ƙanwata na can.
Makiyaya ne, sanyin bara ya cinye musu garke,
suka kafa tantuna inda bas ba ta hawa.
Ba asibiti, ba lambar gida.
Wa zai rubuta tarinsu?"

Ranar Asabar na bi shi.
Tanti arba'in da ɗaya na ƙirga.
Tawada ta daskare a biro, na ari fensir
wurin wata tsohuwa, Tsendsuren,
wadda ke ƙona tsohuwar taya a murhu
don jikanta kada ya kwana da rawar ɗari.
Yaron na jan numfashi kamar ana tsaga kwali.
Shi ne na goma sha bakwai.
Ban tambayi sunansa ba sai da na rubuta lambarsa,
kunyar wannan har yau ba ta sake ni ba.
Temulen.

Litinin darakta ya juya takardata, ya ce,
"Daga wane rumbun bayanai?"
Na ce, "Daga idona, ranka ya daɗe."
Ya yi shiru, yana buga biro a haƙori.

Ban ce alƙaluma sun yi ƙarya ba.
Abin da aka ba su suka faɗa.
Mai ƙirga waɗanda suka iso ƙofa
bai san na kwance a hanya ba,
balle wanda ba shi da hanyar.

Na ƙara launi na huɗu, ruwan toka,
na rubuta a ƙarƙashinsa: ba mu sani ba.
Taswirar ta yi muni, an faɗa min.
Wuri tara suka koma toka a dare ɗaya.

Yanzu mota guda na hawa tudun duk Alhamis,
da nas ɗaya da akwati biyu. Ba ta isa ba.
Ganzorig ya riga mu, ya kafa rumfa a gindin tudu.
Temulen ya warke; na sha huɗu a jerin bai kai bazara ba.

Har yanzu ina ƙidaya da asuba.
Amma in na ga sifili ya zauna tsaf, fari fat,
sai in ajiye shayi,
in nemi lambar Dorjpalam.